Babi na Tara: Waƙar Da Taro Ke Tashi Da Ita

Duk wanda Allah ya ɗora wa ɗawainiyar shirya taron farin ciki, ko na aure ne, ko na suna, ko na saukar karatu, ko kuwa walimar dawowa daga aikin Hajji, galibi hankalinsa kan tafi ne ga mafarin al'amari, wato wa za a gayyata, me za a dafa, ina za a shimfiɗa tabarmi. Alhali kuwa abin da mutane kan tafi da shi gida, su kwana da shi, su tashi da shi, shi ne sa'ar ƙarshe, lokacin nan da ciki ya cika, hira ta fara sanyi, masu goyo suka fara gyara majanyi, kowa yana neman hanyar da zai miƙe ba tare da an ce shi ne ya watsa taro ba. A babin da ya gabata mun yi magana a kan abinci da tarbar baƙi. A nan kuwa nufina in yi bayani a kan wannan sa'a da waƙar da ta dace da ita, musamman idan babu lasifika, babu na'ura, babu abin dogaro sai maƙogwaro da tafin hannu.

Dalilan da kan sa taro ya wayi gari a wannan hali suna da yawa, kuma ba dukkansu ne na rashi ba. Wani kuɗin hayar kayan sauti ne ya fi ƙarfinsa; wani yana da maƙwabci marar lafiya, ko gidan da aka yi rasuwa ba a daɗe ba, muruwa ta hana shi tada unguwa; wani kuwa ya yi tanadi sarai, sai wuta ta ɗauke, inji ya ƙi tashi, ko mai ya ƙare. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 an sauya mata suna tun 2005, amma har yau idan duhu ya rufe tsakar gida ana cikin shagali, sunanta ne yara kan kira da baki ɗaya. Sai dai ya kamata mai karatu ya tuna cewa halin da muke ɗauka lalura ne a yau, shi ne halin da iyayenmu da kakanninmu suka yi dukkan bukukuwansu a cikinsa, ba su kuma ɗauke shi tawaya ba. Garmaho ya zo, rediyo ya biyo baya, kaset ya cika kasuwa, sa'an nan daga 1990, shekarar da aka fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano, sana'ar fina-finai ta kafu, ta haifi nata irin waƙoƙin da ake haɗawa da fiyano a ɗakin ɗaukar murya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da alherinsa, ba na musun haka. Amma a tare sun koya mana wata ɗabi'a guda, ita ce zama a saurara, har ta kai gida mai mata hamsin ya kan yi tsit don waya ɗaya ta tsinke.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya suka faɗa. Saboda haka farkon abin da mai zaɓe zai tambayi kansa shi ne, wannan waƙa da nake so a rufe taro da ita, wane ne mai ita? Akwai waƙar da ta mawaƙinta ce shi kaɗai, komai son da jama'a ke yi mata. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015, ya yi shekaru yana wa'azantar da mu a kan aure da sana'a da zaman duniya, daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba ya jiran kowa ya amsa masa. Kowa ya san waƙoƙinsa, amma in aka ce mutum arba'in su rera ɗaya daga cikinsu tare, sai a ga kowa ya kama nasa gudun, domin an gina su ne bisa numfashin mutum guda da yatsun mutum guda. Haka waƙoƙin fada na Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da na Musa Ɗanƙwairo Maradun: a nan akwai 'yan amshi kam, amma 'yan amshi ne ƙwararru, waɗanda suka shekara suna bin ubangidansu, sun san inda za su karɓa da inda za su ƙara, har jagora ya fara magana su cike masa ita. Wannan fasaha ce ta a zauna a ji, a jinjina kai. Wanda ya ɗora ta a kan taron da ya gaji, ya zalunci waƙar, ya kuma kunyata mutanen.

Akwai kuma waƙar da mawaƙinta ya bar wa jama'a ƙofa a buɗe. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun raba jikin waƙa zuwa gindi da ɗiya: gindi shi ne abin da ake komawa gare shi a kai a kai, ɗiya kuwa su ne abin da jagora ke zubawa tsakanin amshi da amshi. To, ma'aunin waƙar rufe taro yana ga gindinta. In gajere ne, wanda numfashi ɗaya zai ɗauke shi, wanda baƙon da bai taɓa jin sa ba zai kama shi a zagaye na biyu, ya rera shi da gaba gaɗi a na uku, to an sami abin nema. Wannan ne sirrin da ya sa waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, da ya rasu a 1999, suka zauna a bakin direba da ɗan kasuwa da tsohuwa mai dakan fura: shi ne ke ɗaukar nauyin magana duka, yana ƙirƙirar ɗiya nan take gwargwadon wanda ya gani a gabansa, mutanensa kuwa suna riƙe da 'yan kalmomi kaɗan suna maimaitawa bisa kalangu. Haka kuma amadar Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ta Uwaliya Mai Amada a Kano. Su ba su ma ƙirƙiro hanyar ba. A tsakar gida suka same ta, a wajen daka da niƙa da gaɗar 'yan mata a dandali, suka goge ta suka fito da ita fili.

Na taɓa halartar wani yinin biki a cikin birnin Katsina inda na ga wannan bambanci ƙuru-ƙuru. Bayan sallar isha'i wuta ta ɗauke, aka tada inji, ya ɗan taɓa aiki ya mutu, mai na'ura ya shiga naɗe wayoyinsa. Ƙawayen amarya, da yake jininsu na kan tafasa, suka ce ba za a tashi haka ba, suka ɗauko wata waƙar fim da ake yayi a lokacin, wadda ba a daɗe da gama rawa da ita ba. Layin farko ya fita da ƙarfi. A na biyu rabinsu suka tsaya, domin a faifai nan ne fiyano ke shiga ya yi nasa, ba su san tsawon jiran ba. Waɗanda ba su tsaya ba suka haura sama inda muryar mawaƙiyar ke haurawa, maƙogwaro ya ƙi, aka ƙare da dariya da tafa hannu. Manyan mata dai suna zaune a kan tabarma, ko ɗaya ba ta buɗe baki ba, don ba tasu ba ce. Har an fara neman takalma da hasken waya, sai gwaggon amarya, wata dattijuwa da ta yini a bakin murhu tana lura da rabon tuwo, ta ce wa wata yarinya, "Ke 'yar nan, miƙo mini ƙwaryar can, ki zubo ruwa a baho." Yarinyar ta ce, "To, Gwaggo." Aka kifa ƙwarya a kan ruwa, ta sa ludayi ta fara bugawa a hankali, ba ta ce uffan ba, har sai da surutu ya lafa don kansa, kowa ya juyo yana neman inda sautin ke fitowa. Sa'an nan ta rera amshi ita kaɗai, ƙasa-ƙasa, sau biyu, tana duban tsararrakinta biyu da ke kusa da ita. A na uku suka karɓa. Kafin a yi zagaye biyar tsakar gidan duka ya ɗauka, har 'yan matan nan da ba su san waƙar ba. Da ta ga amshi ya zauna, sai ta shiga zuba ɗiya, tana ambaton dangin ango da garin da suka fito, da uwar amarya, da masu girki, da maƙwabtan da suka ba da aron tabarmi, kowa aka ambata sai guɗa ta tashi daga ɓangarensa. Waɗanda suka sa takalma suka tuɓe.

Abin lura a nan, ba tsufan waƙa ne ya cece ta ba, ba kuma sabunta ce ta kashe ɗayar ba. A cikin waƙoƙin zamani akwai masu amshi mai kyau da za su tsaya da ƙafarsu, a cikin na dā ma akwai waɗanda aka manta har ba mai iya kai su ƙarshe. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: mutum ya rera waƙar shi kaɗai yana tafiya, ba kiɗa, ba waya a kunne. In ya iske wurin da dole ya yi shiru yana jiran wani abu da ba zai zo ba, ko wurin da ya san karin amma kalmomin sun ɓace masa, ko wurin da sai ya miƙe wuya kafin murya ta kai, to ya sani abin da ya same shi shi kaɗai zai sami taro ninki-ba-ninki. Sa'an nan ya sake tambaya: mafi tsufa a wurin ta san ta? Mafi ƙanƙanta zai iya kama ta? Ni a ganina waƙar ƙarshe haƙƙin mai raunin murya ce, da mai kunya, da baƙuwar da ta yini ba ta san kowa ba, domin masu baki da masu rawa sun riga sun sami rabonsu tun da rana.

Bayan zaɓen waƙa sai zaɓen mai ɗauko ta, kuma sau da yawa wannan ya fi wancan wuya. Mutane kan yi zaton wadda ta fi kowa zaƙin murya ita ta cancanta, alhali mai zaƙin murya ta kan so a ji ta, sai ta ɗauko waƙa daga sama, inda ita kaɗai ke iya zama, ta yi ta ado da lanƙwasa, jama'a su koma 'yan kallo. Wadda ake bukata ita ce mai murya tsayayya, wadda ba ta jin nauyin ido, wadda ta san mutanen wurin da sunayensu da dangantakarsu, kuma ake jin nauyinta. Ta ɗauko daga ƙasa, kusa da inda take magana, domin waƙa in ta yi zafi hawa take yi, ba ta sauka, wanda kuwa ya fara daga ƙololuwa bai bar wa kansa wurin zuwa ba. Sa'armu ɗaya ita ce yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke yawo, ba su nisa sama ba su nisa ƙasa, kuma karinsu na bin hawa da saukar maganar Hausa ne, har ya zama wanda ya iya faɗar kalmomin daidai ya riga ya yi rabin rerawa.

Tafi kuma yana da nasa hali, wanda duk mai lura ya sani: in aka bar taro da tafi ba mai riƙe shi, sauri yake ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya tsere wa kalmomi, tsofaffi su yi haki su saki. Shi ya sa ake son abu ɗaya mai sauti mai nauyi a hannun mutum ɗaya mai natsuwa, ko ƙwarya a ruwa, ko turmi, ko bayan baho, ko shantu in akwai mai iya shi, ya zama shi ne limamin tafin. Ba a bukatar gwaninta a nan. Wanda zai riƙe bugu ɗaya ba ya gaba ba ya baya ya fi gwanin da zai yi ta salo.

Wani sharaɗi da ake yawan mantawa shi ne matso da mutane. Lasifika ta saba mana da zama a warwatse, kowa a kujerarsa, wasu a ƙofar gida, wasu a ƙarshen rumfa, domin ita tana iske kowa inda yake. Murya ba haka take ba. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 ne a sakan ɗaya, saboda haka wanda ke nesa da jagora da mita 50 yana jin bugun ne bayan kusan kashi ɗaya cikin bakwai na sakan, in ya amsa kuma amsarsa ta sake ɗaukar wannan lokaci kafin ta dawo. Wannan ɗan jinkiri, da ba a ganinsa a bakin komai, ya isa ya raba tafi gida biyu, kowane ɓangare yana zargin ɗayan da ɓata waƙa. Magani shi ne a janye kujeru, a taru a da'ira kafaɗa da kafaɗa, in da hali kusa da bango ko cikin tsakar gida inda katanga ke mayar da sauti, maimakon fili buɗaɗɗe da iska ke kwashe shi. Masu ƙarfin murya kuma kada su cure wuri ɗaya. A raba su cikin jama'a, domin mai kunya ba ya buɗe baki sai ya ji na kusa da shi ya rufe masa asiri. 'Yan matan dandali da ke gaɗa ba wanda ya karanta musu wannan, amma ba a taɓa ganin sun yi ta a jere kamar 'yan makaranta ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da waƙar ke faɗa, wanda shi ne mafi girman rukunin al'amarin, domin kalmar da aka rera da baki hamsin ba daidai take da wadda aka ji daga akwati ba: wanda ya amsa ya sa hannu. Malamai sun yi saɓani mai tsawo a kan kiɗa da kayansa, ba kuwa nan ne muhallin warware shi ba. Amma waƙa da bugun tambura marar ƙararrawa, wato duffi, a wajen aure, tana da asali tabbatacce. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, da ta dawo Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin Ansaru mutane ne masu son sa. Ya kuma ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa a lokacin aurenta Manzon Allah ya shigo ya zauna, wasu 'yan mata suna buga duffi suna ambaton iyayenta da suka yi shahada a Badar, sai ɗayarsu ta sako wani ɗa a cikin waƙar wanda ke jingina masa sanin abin da zai faru gobe. Bai hana waƙar ba, bai kori yaran ba, sai ya umarce ta ta bar wannan ta koma ga abin da take faɗa da farko. Ban san wani darasi da ya fi wannan amfani ga mai shirya taro ba. Ana gyara ɗa ɗaya ne a bar waƙa ta ci gaba, kuma ana yin gyaran da taushi, ta yadda yarinyar da ta yi kuskure ba za ta rufe bakinta har abada ba.

To, me za a cire? Da farko habaici. Waƙoƙin matanmu cike suke da shi, musamman a kan kishiya da uwar miji da dangin miji, kuma ba na ƙin cewa yana da daɗi, yana kuma sauke wa zuciya kaya. Amma wurinsa tsakar rana ne, tsakanin tsara, lokacin da in an ji zafi akwai sauran yini da za a huce. In aka rufe taro da shi, wadda ta ɗauka da ita ake ta tafi da shi gida, ba kuwa sauran wata waƙa da za ta wanke shi. Na san zumuncin da ya yi shekaru yana ɗingishi saboda ɗa ɗaya da aka rera a gaban uwargida ranar da aka kawo mata amarya. Haka zambo, haka waƙar siyasa, wadda ko amshinta ya fi na kowace daɗi, rabin taro ne zai amsa, rabi ya ɗaure fuska. Haka waƙar da ke da kalmomin da ba a faɗa a gaban surukai. Wasu daga cikin waƙoƙin amada, duk da ƙaunar da nake yi musu, na ɗaki ne, in ƙofa ta buɗe yara da maza sun shigo sai a sauya. Akwai kuma wadda ba a cika ganin illarta ba, ita ce yabon mutum ɗaya. Da zarar an kama sunan wani mai hali ana maimaitawa, sai liƙi ya tashi, da'ira ta tsage, taro ya koma masu bayarwa da masu kallo, wanda bai zo da komai a aljihu ba ya fara laluben ƙofa. In za a ambaci suna a ambaci kowa, kamar yadda dattijuwar nan ta yi, har mai wanke-wanke.

Game da jeri kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a kan ganiya. Ana ganin tun da waƙa ta yi zafi, ƙura ta tashi, to nan ne ya dace a yanke. Amma mutanen da aka sallama jininsu na tafasa ba su tafiya. Su kan tsaya a ƙofar gida ana hayaniya, yara su ɓace, a nemi wata waƙar, mai gida ya rasa yadda zai yi. Taro kamar tukunyar tuwo yake, ba a sauke ta tana tsakiyar tafasa, sai an janye itace an bar ta ta turara. Saboda haka bayan mai zafi a kawo mai sanyi, wadda za a iya rerawa a zaune, wadda tafinta ke da tazara. Mutanen Sikotilan sun huta da wannan tunani, domin suna da waƙar ban kwana guda ɗaya, wadda sha'irinsu Robert Burns ya rubuta a 1788, ya ce daga bakin wani tsoho ya samo tushenta. Da ita suke rufe biki da daren shiga sabuwar shekara, a da'ira, hannu cikin hannu, duk wanda ya ji an ɗauko ta ya san an tashi. Mu ba mu yi ittifaƙi a kan waƙa ɗaya haka ba, sai dai muna da abin da ya fi kusa da ita, shi ne yabon Annabi.

A nan taskarmu ba ta da iyaka. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wadda ya tsara baiti ashirin ga kowane harafi, Ibnu Muhibu kuma ya yi mata tahamisi, ta zama abin da ake tashi da shi a ƙasar Hausa, har wanda bai san Larabci ba ya san karinta, ya san inda ake jan numfashi. Haka Burdar Busiri, mutumin Masar. A Hausa kuma ga Imfirajin Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, da almajirai da makafi suka kai shi ƙofa-ƙofa da baki kawai. Kafin shi ga waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da matan da ta naɗa jaji suka riƙa ɗauka a ka suna kai wa matan ƙauyuka, su rera su amsa har su hardace. Duk waɗannan an yi su ne don maƙogwaro tsura, an auna su a kan ma'aunin aruli, ƙafiyarsu na taimakon mai mantuwa, ba wurin da suke jiran fiyano. Asalin amshi a kan irin wannan magana kuwa daɗaɗɗe ne, domin ya tabbata cewa a shekara ta 5 bayan Hijira, ranar haƙar gwalalon Madina, cikin sanyi da yunwa, Manzon Allah ya riƙa yi wa Muhajirai da Ansaru addu'a da magana mai kari, su kuma suna amsa masa da irinta suna haƙa.

Sai dai ladabi biyu ne a nan ba za a tsallake ba. Na ɗaya, ba a fita daga rawa kai tsaye a faɗa bege, ana haki, ɗankwali a hannu. A bar tazara, a sha ruwa, a zauna, a gyara lulluɓi, sa'an nan a ɗauko. Na biyu, gidaje sun bambanta. Akwai gidan da Ishiriniya ita ce numfashinsa, akwai gidan da malamansa ba su natsu da wasu baitocin bege ba, akwai kuma taro, a Jos ko Kaduna ko zangon Kumasi, inda maƙwabta da abokan aiki waɗanda ba Musulmi ba suka zo taya murna da zuciya ɗaya. Mai zaɓe ya san gidan da yake ciki. In ya ga abin da ya zaɓa zai bar wasu a waje, to waƙar fatan alheri ga ango da amarya, ko ga jariri da mai jego, ko ta godiya ga waɗanda suka zo da roƙon Allah ya mai da kowa gida lafiya, ba wanda zai ƙi amsa ta. Waƙoƙin kai amarya kuwa, masu sa uwa ta juya baya tana share ido, a bar su ga lokacinsu da masu rakiya. Ba a sallamar taro duka da kuka.

Tsayawa ma aiki ce. Waƙa mai amshi ba ta da ƙarshe na kanta, tana iya zagayawa har asuba, saboda haka jagora ce za ta yanke, kuma ta yanke tun ana marmari, kafin ta ga an fara amsawa da rabin baki. Alamar da aka saba ita ce ta daina zuba ɗiya, ta shiga amshi tare da kowa, mai ƙwarya ta ja bugu ya yi nauyi, a maimaita sau biyu ko uku ana sassautawa, a bugu na ƙarshe maguɗiya ta rangaɗa guɗa. Kada a bar shiru ya yi tsawo bayan wannan, don kada wani ya ɗauko wata. Nan take wanda aka tanada, dattijo ko malama, ya yi salati, ya yi addu'a gajeriya, a karanta kaffaratul majlisi, a shafa, uwar biki ta miƙe ta yi godiya ta fara raka mutane ƙofa da kanta.

Duk wannan ba ya yiwuwa in an bar shi sai ranar. Gidaje da yawa yanzu mutum ɗaya ko biyu ne suka rage masu riƙe da ɗiyan waƙoƙin nan, sauran amshi kawai suka sani, wasu ma ko shi babu. Wanda biki ke gabansa ya je wurin gwaggo ko inna ko kaka tun da sauran mako, ya gaishe ta, ya tambaye ta da me ake tashi a gidan nan a dā, ya roƙe ta ta zaɓi biyu ko uku. Ranar sa lalle, da yake mata na zaune ne hannu da ƙafa a ɗaure ba inda za su, ita ce ranar koyo: ta rera, 'yan mata uku ko huɗu su karɓa har ya zauna musu, a rubuta ɗiyan a takarda, a kuma ɗauki muryarta a waya, tun da takarda ba ta riƙe kari. A gaya wa mai ƙwarya, a gaya wa maguɗiya, a gaya wa mai addu'a, kowa ya san bayan wa zai shigo. Ranar taro kuwa takarda da waya su zauna a jaka, domin jagorar da idonta ke kan rubutu ba za ta ga wanda bai fara amsawa ba, balle ta matsa kusa da shi.